Karatun Sawu: Yadda A Ke Gane Namun Daji Ga Sawunsu

Salamu alaikum, jama'a. Dattawa, a gafarce ni. Samari, ku matso kusa, don maganar yau ku ta fi shafa.

Abin da za mu yi magana a kai shi ne sawu, watau alamar da dabba ke bari a ƙasa in ta wuce. Ku da kuka fara koyon karatu kwanan nan, kun san yadda takarda ta ke a idon wanda bai koya ba. Ba ya ganin kome sai 'yan zane-zane, sai ka ce kaza ta yi tono. Amma ran da ya san baƙi da wasali, sai takardar nan ta buɗe baki ta yi masa magana. To, ƙasar daji ma haka ta ke. Mutum biyu su kan bi turba guda da sassafe. Ɗaya ba abin da ya gani sai turɓaya. Ɗayan kuwa ya ce maka, "Kura ta bi nan da tsakar dare, ta nufi gabas, tana ɗingishi. Bayan ta wuce zomo ya gitta." Ba duba ya yi ba, ba kuwa aljani gare shi ba. Karatu ne, wurin ubansa ya koya.

Kada wani ya ce wannan sha'anin maharba ne su kaɗai. Yawancin namun daji da dare su ke yawo, gari na wayewa su ɓuya. Mutum ya kan shekara ashirin yana noma a gindin dutse, damisa na zaune cikin dutsen nan, bai taɓa sa ta a ido ba. Saboda haka manomin da aka yi wa ɓarna, da makiyayin da ya rasa maraƙi, da matar da ke zuwa rafi ɗiban ruwa, da ma'aikacin gandun daji, dukansu ba su da wani mashaidi sai ƙasa. Ita kuwa ƙasa ba ta cin hanci, sai dai a kasa fahimtar abin da ta faɗa.

Farkon abin da mai bin sawu ke koya shi ne lokacin dubawa. Da hantsi, ko bayan la'asar, sa'ad da rana ta ke ƙasa-ƙasa, ko wane ɗan gurbi ya kan sami inuwa a cikinsa, sai ya fito sarai. Da tsakar rana kuwa haske na sauka daga bisa sosai, inuwar ta ɓace, ko gwani sai ya sha wuya. Ka kuma tsaya yadda sawun zai kasance tsakaninka da rana. Kada ka taka shi, ka bi ta gefensa, don in ya ɓace maka a gaba ka sami inda za ka komo ka sake lale. Wurin da ya fi kyau ga mai koyo shi ne bakin mashaya, da yashin rafi da rani, da burtali, da gonar da aka yi wa huɗa ruwa ya sauka. Sai dai ka sani taɓo ya kan ƙara wa sawu girma, busasshen rairayi kuwa ya kan zube ya ɓata shi. Don haka ba a yanke hukunci da sawu guda, sai an duba biyar ko goma.

Bari mu fara da masu dagi, don su ne ke jawo rigima cikin gari. Dangin kyanwa, watau zaki da damisa da muzurun daji, da kuma dangin kare, watau dila da yanyawa da karen gida, dukansu yatsu huɗu su ke nunawa a ƙasa, da wata tsoka babba bayan yatsun, wadda za mu kira dunduniya. To, ina bambancin? Na farko ga farce ya ke. Kyanwa ta kan janye faratanta ta ɓoye cikin dagi in tana tafiya, ba ta fid da su sai za ta kama abu ko za ta hau itace. Kare kuwa ba shi da ikon janye nasa, ko yaushe suna waje, saboda haka gaban ko wane yatsa za ka ga ɗan rami inda farce ya soki ƙasa. Na biyu, ka dubi bayan dunduniyar. Ta dangin kyanwa ta rabu gida uku, kamar tuddai uku a jere. Ta kare gida biyu ce. Na uku, sawun kyanwa kewayayye ne, faɗinsa ya yi kusan tsawonsa, na kare kuwa tsawo ya fi. Ɗaya tak cikin manyan dangin kyanwa ya saɓa wa wannan ƙa'ida, shi ne rabbi, mai dogayen ƙafafun nan mai tsananin gudu, don shi faratansa na nunawa. Amma ya yi wuyar gani ƙwarai a ƙasashenmu, ba shi ne zai rikita ku ba.

Kura fa? Mutane da yawa na tsammani 'yar'uwar kare ce. Masana halitta sun bincika, sun tarar a wajen asali ta fi kusa da kyanwa da tunku. Amma ƙafarta irin ta kare ce, faratanta na nunawa, gajeru, dakusassu. Yatsunta na gefe a lanƙwashe su ke kamar ƙwayar wake, sun matsu da na tsakiya, dunduniyarta kuma gida biyu ce, a karkace. Babbar alamarta ita ce wannan: sawun gaba ya fi na baya girma a fili, don ƙarfin kura duk a wuya da ƙirji ya ke, bayanta ya gangara. Abin da ya sa in ka hange ta sai ka ce gurguwa ce ke nan, alhali kuwa lafiyarta lau. A wurin siyaki, watau ƙaramar kurar nan mai zane-zane, bambancin gaba da baya ya ma fi haka. In kuma ka ga kashi fari fat kamar alli a gefen turba, na kura ne da ya bushe, ƙashin da ta ke taunewa shi ke mai da shi fari.

Wajen girma, sawun ƙasaitaccen zaki ya kan kai inci 5 ko ya ɗara, ya cika tafin hannun babban mutum. Na damisa kamar inci 3 da rabi, na kura kamar inci 4, na dila kamar inci 2. Ɗan zaki da damisa babba su kan yi kusan girma ɗaya, amma ɗan zaki ba ya yawo shi kaɗai, ka duba kusa za ka ga na uwarsa. In ka gan shi kuwa, sabo, to, bin sawu ya ƙare, sai komawa gida.

Yanzu ga inda karatun nan ke da amfani. A ce an wayi gari akuyarka ba ta turke. Kafin hantsi magana ta cika unguwa. Wani ya ce kura ce, wani ya ce karen maƙwabci ne, wani ya rage murya ya ambaci sunan ɗan wane. Sau nawa zumunci ya lalace a kan irin wannan? To, kafin a buɗe baki, a hana yara tattake wurin, a kewaya bayan danga a duba. In damisa ce, a wuya ta ke kamawa, ta shaƙe akuyar ba ko kuka. Za ka ga sawu ba farce, da alamar jan abu a ƙasa, don ta kan riƙe abin da ta kashe a baki ta ja shi tsakanin ƙafafunta na gaba. Ka bi jan nan, ya kan ƙare cikin sarƙaƙiya, ko kogon dutse, ko gindin itace. Ka ɗaga kai, sau da yawa ga sauran naman can bisa reshe ta rataye, don kada kura ta ƙwace mata. In kura ce, ba ta da wannan tsabta. Ta kan fasa danga da ƙarfi, ta yage ciki, ta farfasa ƙashi, da wuya ta bar maka abin da ya wuce ƙaho. In karnuka ne, za ka ga sawu barkatai, sun yi ta kora da kewaye, cizo ko ina a cinya da kunne da hanci, sau da yawa ma su kashe ba su ci ba. Dila kuwa ba ta iya babbar akuya, sai 'yan ƙanana da kaji. In kuma ka ga sawun akuyar da kanta, tana tafiya a kan ƙafafunta salin alin, ga sawun takalmi a gabanta, igiya kuma ba a tsinke ta ke ba, kwance ta aka yi, to, a sallami kura, wannan karo ba ta da laifi.

A nan ina so in ja kunnenku a kan abu guda. Waɗansu in dabba ta yi musu ɓarna sai su zuba guba cikin sauran mushen su bar shi a daji. Guba ba ta karanta sawu. Mai laifin watakila ba zai komo ba, sai dila ta ci, karen makiyayi ya ci, ungulaye su sauka su mutu tuli. Ungulun nan ta mahauta, wadda dā ba mai kula da ita don yawa, a 2015 aka sa ta cikin jerin tsuntsayen da ke bakin ƙarewa a duniya. Wanda ya gane abin da ya shigo masa ya san maganinsa. In kura ce, a ƙarfafa danga da ƙaya, a sa ƙofa mai ƙarfi. In damisa ce, danga ba ta tsare ta, sai ɗaki mai rufi.

Da irin wannan karatu ne aka san yawan zakokin da suka rage mana. Daga 2006 zuwa 2012 waɗansu masana, shugabansu Philipp Henschel, suka bi manyan gandayen dajin Afirka ta Yamma inda a ke cewa akwai zaki. Duban sawu bisa hanyoyin daji na cikin manyan dabarunsu. A 2014 suka ba da labarin abin da suka gani, ba kuwa mai daɗi ba ne. Wuri huɗu kaɗai suka tabbatar da zaki: wani gandu a Sanagal, da babban dajin nan da ya haɗa Nijar da Binin da Burkina Faso, da gandun Tafkin Kainji, da Yankari. Jimla duka kamar 400, manya da yara, yawancinsu a dajin nan na ƙasa uku. A sauran wuraren mutane na ta rantsuwa akwai zaki, amma ƙasa ta ce babu.

Sai masu kofato. Waɗannan ba na daɗe a kansu ba, don duk wanda ya yi kiwo ya riga ya san rabin karatun. Kofato rababbe ne gida biyu, bakinsa mai tsini shi ke nuna inda dabbar ta nufa. Na gada ɗan mitsitsi ne, bai kai inci 2 ba. Na barewa siriri ne mai tsini, ya fi na akuya kyan sura, don na akuya bakinsa a dakushe ya ke. Na gwanki babba ne mai faɗi, ya wuce inci 4. Na gadu, wanda waɗansu ke kira mugun dawa, gajere ne mai dakusasshen baki, kuma inda ya yi kiwo za ka ga gurbin gwiwa, don a durƙushe ya ke tonon saiwa. In dabba na gudu, ko ta shiga taɓo, kofaton ya kan buɗe, 'yan ƙananan kofatan nan biyu na baya su taɓa ƙasa. Mai wuyar sha'ani shi ne na ɓauna, don da shi da na sa kamar an tsaga kara. Na ɓauna ya fi kewaya da nauyi, na gaba ya fi na baya faɗi, ya kan kai inci 5. Abin da ke raba gardama shi ne abokan tafiya: garken shanu ba ya rasa sawun mutum a gefe, da gurbin sanda, da sawun kare.

Na raƙumin dawa ya fi na dukan masu kofato tsawo, kamar inci 7, kuma ko cikin taɓo ba za ka ga 'yan kofatan baya ba, don ba shi da su. Ba ya kama da na raƙumin gida ko kaɗan, shi wannan tafi gare shi mai laushi kamar fai-fai. Wanda ke son ganin sawun nan sai ya tafi Nijar, wajen Kure, gabas da Yamai, don irin raƙuman dawan Afirka ta Yamma can suka rage. A 1996 guda 49 kaɗai aka ƙidaya. Da hukuma da mutanen ƙauyukan suka tsaya musu, sai da suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai gandun Gadabeji a jihar Maraɗi, inda sawunsu ya daɗe da ɓacewa.

To, mu zo ga babba. Hausawa sun ce sawun giwa ya taka na raƙumi, gaskiya ne kuwa, ba wanda ba ya takawa. Na gaba kewayayye ne kamar bakin turmi, na baya kuwa ya yi tsawo kamar ƙwai. Na babban toro ya kan kai kamu guda a faɗi, har ya ɗara. In tana tafiya a hankali, ƙafar baya ta kan sauka bisa gurbin ta gaba ta rufe rabinsa. In kana son sanin inda ta nufa, dubi gefen da ƙasa ta fantsama, don giwa ta kan shuri ƙasa gaba in ta ɗaga ƙafa.

Ga wata dabara ta tsofaffin maharba, wadda masu awo suka gwada suka ga ta yi kusa da daidai. Ka sami igiya, ka kewaya sawun gaba da ita, sa'an nan ka ninka tsawon nan biyu. Abin da ya ba ka shi ne tsayin giwar daga ƙasa zuwa kafaɗa. Misali, in kewayen ƙafa 5 ne, to, giwar ta yi ƙafa 10. Ka auna ta ke nan, ba ka ko gan ta ba. Tafin giwa kuma yana da tsage-tsage kamar faso, ko wace da irin nata, har gwani ya kan ce wannan ita ce ta shiga gonar wane makon jiya. Na tsohuwa ya kan goge wajen dunduniya ya yi sumul. Da ya ke giwa ba ta daina girma sai ta tsufa, tsawon sawun ma ya kan nuna shekaru. A 1983 waɗansu masana a dajin Amboseli na ƙasar Kenya, cikinsu har da Cynthia Moss, suka nuna yadda a ke kimanta shekarun giwa da awon sawun ƙafar baya kaɗai. Ko toroson ta ma labari ne. Haƙoran taunar giwa jeri shida ne tsawon ranta, suna fitowa bi da bi, na ƙarshe ya kan cinye wajen shekara 60. Don haka in ka ga toroso cike da ganye da ɓawo ba a tauna sosai ba, na tsohuwa ne.

Wannan ba labarin nesa ba ne ga mutanen ƙasar Bauchi. Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa baƙi a 1962, shi ke riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwa na ƙarshe a Nijeriya. A 2006 an ƙidaya su daga jirgin sama aka sami 348. Bayan kamar shekara goma masu tsaron dajin suka kimanta saura 100 zuwa 150, masu neman haure sun yi musu ɓarna. Da kaka su kan fito su faɗa gonakin ƙauyukan gefe, garke guda kuwa ya isa ya share wahalar shekara cikin dare ɗaya. Manomin da ya iya sawu ya kan san zuwansu tun suna bakin daji. In babban sawu ne guda ɗaya, ko biyu, toraye ne. In kuwa manya da matsakaita da ƙanana ne gauraye, garken mata ne da 'ya'yansu, tsohuwa na gaba. Waɗannan su ne ba a kusanta, don uwa ba ta jin lallashi. Abin yi shi ne a aika wa mai gari da masu tsaron daji tun da rana, a faɗa musu yawansu da inda suka dosa.

A bakin kogi, dorina yatsu huɗu ta ke nunawa, faɗin sawun ya fi taƙi. Hanyarta ba ta ɓoyuwa: turba biyu ce a jere, da ɗan kunyar ciyawa a tsakani, don ƙafafun dama da na hagu ba su haɗuwa saboda faɗin cikinta. Da dare ta ke fitowa kiwo, ta komo da asuba ta hanyar da ta fita. Mai sammakon zuwa rafi ya duba: in sawun fita ne kaɗai, ba na komowa, to, tana tudu, kada ya tsaya tsakaninta da ruwa. Kada kuwa, yatsu biyar gare shi a gaba, huɗu a baya, da jan wutsiya a tsakiya, da wuri sumul inda ya sulala cikin ruwa. Inda aka ga haka ba a tura yara wanki.

Maciji ba shi da ƙafa, amma ya kan sa hannu a takardar nan. Gamsheƙa da irinta a lanƙwashe su ke tafiya, suna tura ƙasa baya da gefen jiki, don haka a ko wace kwana za ka ga ɗan tudun rairayi ta wajen da suka fito. Kasa kuwa, saboda ƙiba, miƙe ta ke tafiya, sawunta kamar an ja taɓarya. Babbar mesa ma haka. Ku riƙe wannan da kyau, don kasa ba ta gudu in ta ji tafiyar mutum, lafewa ta ke yi. In ka ga miƙaƙƙen ja ya shiga ciyawa ko ƙarƙashin dami bai fita ba, kada ka sa hannu, sa sanda. Damo da guza su kan bar siririn zanen wutsiya da gurbin farata dama da hagu. Dabgi yatsu uku masu manyan farata ya ke nunawa, ga suri a fashe kusa. Beguwa ta kan share ƙasa da ƙayoyinta, ta yar da ɗaya ko biyu. Na bika kamar hannun yaro. Zomo kuwa ya kan yaudari mai koyo, don in yana gudu ƙafafun baya su kan wuce na gaba su sauka. Biyun nan dogaye da ke jere da juna su ne gaba, biyun da ke bin juna su ne baya.

Sanin mai sawu rabin aiki ne. Sauran rabin, wanda ya fi wuya, shi ne sanin yaushe ya wuce. Sabon sawu bakinsa da kaifi, ƙasar cikinsa ta fi ta kewaye duhu. In ya jima sai bakin ya zube, iska ta zuba masa ƙura da 'yan ganyaye. Da hunturu wannan ba ya ɗaukar lokaci, cikin fadama kuwa sawu ya kan yi kwana da kwanaki kamar na yau. Don haka gwani ba ya dogara ga wannan kaɗai, sai ya nemi wanda ya taka wani. Ɓera da dare ya ke yawo: in sawunsa na bisa na kura, to, kura ta wuce tun dare bai ƙare ba. Kurciya da zabo da safe su ke sauka kiwo: in sawun damisa ne bisa nasu, to, bayan gari ya waye ta wuce, tana kusa. In ɗigon ruwan sama ya huda cikin sawun, kafin ruwa aka yi shi, sai ka tuna yaushe aka yi ruwan. In raɓa ta kwanta bisa ciyawa fari fat, ga wata hanya kore shar ta ratsa ta, abin ya wuce bayan saukar raɓa. Ganyen da aka karya ya kan yi yaushi kaɗan kaɗan, ka karya wani irinsa ka gwada su. Toroso kuma, ka tsaga shi da tsinke, in da ɗumi a ciki, mai shi bai yi nisa ba. Har inuwa ma shaida ce. In gwanki ya kwanta yamma da itace, da safe ya kwanta, don a lokacin inuwa can ta ke. In gabas da itacen ne, da yamma ya kwanta.

Watakila wani ɗan makaranta ya ce, wannan duk cika bakin maharba ne, wa ya tabbatar? An gwada. A ƙasar Namibiya wani masani, Philip Stander, ya ɗauki maharba huɗu na kabilar San, waɗanda ba su yi karatun takarda ba. Ya riƙa kallon zakoki da damisoshi da sauran namun daji a ɓoye, yana rubuta abin da suka yi. Bayan sun tashi sai ya kawo maharban su dubi ƙasa su faɗa masa wace dabba ce, mace ko namiji, babba ko yaro, me kuma ta aikata. Cikin tambaya 569 suka ci 557. Da ya buga labarin a 1997, sai ya jera sunayensu tare da nasa a matsayin mawallafa, haka kuwa ya kamata. Mu ma muna da irinsu. Bafillace ya kan tsinci sawun saniyarsa cikin na garke, Buzu ya san na raƙuminsa, ga Sarkin Baka da mutanensa. Abin tsoron shi ne yawancinsu sun tsufa, samari kuwa ba su zauna sun tambaye su ba.

Wanda ke so ya fara, ba sai ya tafi Yankari ba. Yau da almuru ya sami wuri bayan gida inda dabbobi ke bi, ya share shi, ya barbaɗa toka ko lallausan rairayi, ya lallaɓe da tafin hannu. Gobe da hantsi ya zo ya duba. Zai tarar da na kyanwa da na kare, ya ƙidaya gidajen dunduniya da idonsa, watakila har da na bushiya ko gafiya. Ya auna tsawo da faɗi da tsinke, ya zana cikin littafinsa, ya rubuta rana da wuri da irin ƙasar. Mai waya ya ɗauki hoto daga bisa sosai, ya ajiye kwalin ashana a gefe don a san girman. Wanda ya gagare shi, kada ya share, ya kifa masa ƙwarya don kaji da iska, ya tafi ya kirawo tsohon maharbin unguwa ya zo ya karanta masa. Ya tafi da goro.

Wasalam.